WANENE SARKIN ƘOFA A GIDANKA?

Daga wani pasto a Kano

Karatu: Nehemiya 6:1-9 da 7:1-4

 A wannan wata ina so mu yi magana a kan wani ƙaramin abu wanda ya ke cikin aljihun kusan kowane ɗayanmu, watau wayar hannu. Amma kafin mu kai gare ta, bari mu tsaya tukuna a gindin ganuwar Kano, gama akwai wa'azi a jikinta ga mai-lura.

Ganuwa da ƙofofinta

Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara gina ganuwar birni, ya kuwa yi sarauta wajen 1095 zuwa 1134. Sarakunan da suka biyo bayansa suka yi ta ƙarawa, musamman Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya kafa kasuwar Kurmi. Da ƙasa aka gina ta, aka haƙa rami a gefenta na waje, domin mata da yara su kwana lafiya.

Amma birni ba shi rayuwa a toshe. Yana bukatar hatsi da itace da gishiri, yana bukatar fatake. Domin haka aka yi ƙofofi: Ƙofar Mata, Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Na'isa, Ƙofar Kabuga, Ƙofar Ruwa, Ƙofar Mazugal, Ƙofar Wambai, da sauransu. Kowace ƙofa kuwa da sarkinta, wanda a ke kira Sarkin Ƙofa. Shi ke buɗewa da safe, shi ke rufewa da dare, shi ke lura da mai-shiga da mai-fita. Matafiyin da dare ya yi masa, a waje ya ke kwana sai gari ya waye.

A watan Fabrairu na 1903 sojojin Ingila suka zo da igwa suka ci birnin. Amma ku lura, ba igwa ce ta kwantar da ganuwar nan ba. Turawa sun shiga sun bar ta a tsaye. Abin da ya cinye ta shi ne ruwan damina shekara a kan shekara ba mai-yaɓe, da masu-ɗibar ƙasa, wannan kwando ɗaya, wancan kwando biyu, da masu-gini a kanta. Yau a wurare da yawa sai tudu kaɗai za ka gani, a waɗansu ma babu ko alama. Ƙofofin kuma an faɗaɗa yawancinsu domin motoci, ba mai-rufe su. Haka gida ya ke lalacewa, 'yan'uwa. Da wuya ka ga gidan mai-bi ya faɗi rana ɗaya. Kwando-kwando a ke kwashe shi.

Mu masu-bi galibinmu a wajen ganuwa mu ke zaune, a Sabon Gari da waɗansu unguwanni da ƙauyukan ƙasar Kano. Amma muna shiga birni, muna cin kasuwar Kurmi, muna da abokan arziki a ciki. Duk wanda ya bi lungunan birni ya san yadda a ke gina gida. Akwai zaure, wanda Kanawa ke kira soro, nan baƙo ya ke tsayawa ya yi sallama. A aiki yaro ya shiga ya ce ana sallama da maigida. Maigida ya fito ya ga ko wanene. In mutumin kirki ne a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa. Duk da haka ba ya wuce nan zuwa tsakar gida sai da izini. A bakin waɗansu gidaje har rubutawa a ke yi, "Ba shiga." Wannan al'ada ce mai-kyau, maƙwabtanmu Musulmi sun riƙe ta, iyayenmu ma a ƙauye da ita suka rene mu.

Sabuwar ƙofa

A shekara ta 2001 aka fara sayar da layukan wayar hannu a Nijeriya. Da fari kira kaɗai a ke yi da aika ɗan saƙo. Daga baya intanet ya shigo cikinta, da Facebook da WhatsApp da TikTok da ire-irensu. Yanzu kowa ya je kasuwar 'yan waya ta Farm Centre zai ga yadda a ke tururuwa, babba da yaro.

Kada wani ya ce pasto ya ce waya ta Shaitan ce. Ban faɗi haka ba. A 1932 aka buga Littafi Mai-Tsarki duka da Hausa, kakanninmu kuwa sukan yi tafiya mai-nisa su nemi guda ɗaya. Yau ga shi cikin waya, wanda bai iya karatu ba ma yana iya saurara. Da waya ɗa ke aika wa tsohuwarsa kuɗin magani a ƙauye. Da ita a ke kiran mota in mace tana naƙuda da tsakar dare. Da ita manomi ke jin farashin masara a Dawanau kafin ya ɗaura buhu. Duk wannan alheri ne, sai mu gode wa Allah.

Amma wannan ƙofa ba ta da soro. A kan gado ta ke buɗewa, a ɗakin ɗiyarka, da ƙarfe goma sha biyu na dare, kai kana barci. Abin mamaki, taron mutane a WhatsApp "zaure" mu ke kiransa, ga shi kuwa zaure ne wanda ba a sallama a cikinsa.

Ya kamata kuma mu gane yadda abin ya ke aiki. Yawancin kamfanonin nan ba su karɓar kuɗi a hannunka, daga masu-talla su ke samun nasu. Gwargwadon daɗewarka kana kallo, gwargwadon ribarsu. Domin haka na'urarsu tana lura da abin da ka tsaya a kansa, da abin da ka wuce, ta riƙa kawo maka irin wanda ya riƙe idonka. Abin da ya fi riƙe idon ɗan Adam kuwa mun san shi: abin fushi, da abin tsoro, da abin sha'awa. Ashe ƙofar tana da mai-tsaro, sai dai ba kai ka naɗa shi ba, ba kuwa domin ran 'ya'yanka ya ke aiki ba.

To, me Maganar Allah ta koya mana? Sa'anda Nehemiya ya gama gyaran ganuwar Urushalima cikin kwana 52, bai ce aiki ya ƙare ba. Ya naɗa masu-tsaron ƙofa, ya ɗora ɗan'uwansa Hanani da wani mutum mai-suna Hananiya a kan birnin. Littafi ya gaya mana dalilin zaɓen Hananiya: amincinsa da tsoron Allah da ya ke da shi fiye da mutane da yawa. Bari mu ɗauki abu huɗu daga nan.

Na ɗaya: abin da ke shigowa

Sarki Dawuda ya yi yaƙe-yaƙe da yawa, ba wanda ya kā da shi. Abin da ya kā da shi kallo ne, wata rana da maraice a bisa rufin gidansa, lokacin da ya kamata ya kasance a bakin aiki (2 Samu'ila 11). Dawuda sai da ya hau bene kafin ya gani. Mu kuwa benen yana cikin tafin hannunmu.

Ba hotunan banza kaɗai ke shigowa ba. Akwai caca, wadda yanzu ba sai an je bayan kasuwa ba. Na zauna da wani saurayi daga gidan masu-bi wanda kuɗin makarantarsa duka suka tafi a cacar ƙwallo, ubansa kuwa sai da ya sayar da akuya biyu kafin ya haɗa su. Akwai masu-alkawarin riɓa kuɗi. Da yawa cikinmu sun tuna da MMM, wanda ya rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016. Masu-bi da yawa sun yi kuka a lokacin, ga shi har yanzu irinsa suna fitowa da sabon suna, mutane suna faɗawa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Akwai kuma masu-kiran kansu annabawa, waɗanda ba wanda ya san ekklesiyarsu ko dattawan da ke bisansu, suna cewa a aiko da kuɗi a karɓi albarka.

Ga ma'auni mai-sauƙi. Duk abin da ya bayyana a fuskar wayarka, ka tambayi kanka: da wannan mutum ya zo da ƙafarsa ya yi sallama a ƙofar gidana, yana wannan magana, da wannan shiga a jikinsa, zan shimfiɗa masa tabarma? Zan kira matata da 'ya'yana su zo su gaishe shi? In amsa a'a ce, don me za ka kai shi har turaka?

Na biyu: abin da ke fita

Sarkin Ƙofa ba mai-shiga kaɗai ya ke dubawa ba. A nan ne nauyinmu ya fi girma, gama a nan a ke zub da jini.

Ku duba dabarar Sanballat cikin sura 6. Sau huɗu ya aika wa Nehemiya ya sauko su gana a filin Ono, sau huɗu Nehemiya ya ƙi barin aikin da ke hannunsa. A na biyar sai ya aiko baransa da wasiƙa a buɗe, ba hatimi. Don me a buɗe? Domin kowa a hanya ya karanta, ya kai gaba. Abin da ke ciki kuwa shi ne wai ana ta faɗi cikin al'ummai, wai wani Gashmu ma ya tabbatar, cewa Nehemiya yana shirin tawaye domin ya zama sarki. Ba shaida, ba mai-gani da ido, sai "an ce" da "wane ma ya faɗa." Nehemiya ya amsa masa a taƙaice cewa shi ya ƙaga zancen daga zuciyarsa, sa'an nan ya roƙi Allah ƙarfi, ya koma bakin aiki.

'Yan'uwa, wasiƙar Sanballat tana zuwa wayoyinmu kowace rana, mu ne kuwa barorin da ke kai ta. A watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya bazu cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Mutane suka tashi iyalinsu da asuba domin ƙauna. Waɗansu aka kwantar da su a asibiti, waɗansu suka rasu, cutar kuwa ba ta ko iso Kano ba. A watan Yuni na 2018, lokacin kashe-kashe a jihar Filato, aka baza hotunan gawawwaki a Facebook. Daga baya bincike ya nuna waɗansunsu tsofaffin hotuna ne, har da wanda ba a Nijeriya aka ɗauke shi ba. Amma kafin gaskiya ta fito an riga an tare matafiya a hanya an kashe su, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Mu mutanen Kano ba sai an gaya mana ba. Waɗanda suka ga 1991 da 2004 sun san yadda magana ke tashi daga wannan unguwa ta isa waccan ta zama wuta. A lokacin da baki ta ke tafiya. Yanzu yatsa ɗaya ya isa. Yaƙub ya kwatanta harshe da ɗan ƙaramin garwashi mai-cinye kurmi (Yaƙub 3:5), Shari'a kuma ta hana mu ɗaukar labarin ƙarya mu yaɗa (Fitowa 23:1). Wanda ya tura bai fita daga laifi ba domin wai ba shi ya rubuta ba. Magana zarar bunu ce.

Kafin ka tura kowane saƙo, ka tsaya a ƙofa ka yi masa tambaya uku. Wa ya aiko ka, shi kuma wa ya gaya masa? In ka shiga gari, gini za ka yi ko rushewa? Zan iya karanta ka da ƙarfi a gaban maƙwabcina Musulmi, da gaban Ubangijina? Saƙon da ya ce "tura maza-maza kafin a goge," shi ne ya fi cancanta ya kwana a waje. Kada kuma mai-bi ya zagi addinin wani a intanet yana tsammani shaida ya ke yi. Ba a taɓa jawo rai zuwa wurin Kristi da zagi ba, sau da yawa kuwa wani talaka ne a wata unguwa ke biyan bashin zagin.

Akwai kuma asirin gida. A dā in miji da mata sun saɓa, a kan kai magana wurin iyaye ko dattawan ekklesiya, a kashe ta cikin ɗaki. Yanzu sai a yi habaici a waya, duniya duka ta karanta. Gobe ku shirya, amma waɗanda suka karanta ba su mantawa.

Na uku: lokacin buɗewa da lokacin rufewa

Nehemiya ya ba da umurni kada a buɗe ƙofofin Urushalima tun da asuba, sai rana ta ɗaga, a kuma rufe su a sa sakata tun masu-tsaro suna nan (7:3). Daga baya ya sa a rufe su ranar Asabaci, har 'yan kasuwa suka kwana a bayan ganuwa sau ɗaya ko sau biyu, da ya tsauta musu suka daina zuwa (13:19-21). Ƙofar da ba ta da lokacin rufewa, sunanta kafa.

Cikin ziyarar gidaje ina ganin abin da ke ba ni tausayi. A kawo tuwo, a zauna, amma kowa kansa a sunkuye, hannu ɗaya a kwano, ɗaya a waya. Kaka tana gefe da tatsuniya a bakinta, ba mai-tambaya. Sujadar gida, wadda iyayenmu ba su fasa ta ko ranar girbi, a gidaje da yawa ta koma ta ranar Lahadi kaɗai, a waɗansu ta mutu. Wata 'yar'uwa ta zo wurina da hawaye. Mijinta ba ya dukanta, ba ya sha, yana kawo cefane. Ta ce, "Pasto, an yi mini kishiya, kuma ba ta da ranar fita girki." Waya ta ke nufi. In ta yi masa magana sai ya ce "uhm," idonsa bai ɗago ba. Na yi shiru, gama na san gidaje da yawa da za a faɗi haka, a waɗansu kuma mijin ne mai-kuka.

Musa ya umurci Isra'ila su koya wa 'ya'yansu maganar Allah a zaune, da a tafe, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi (Kubawar Shari'a 6:7). Ku duba da kyau, waɗannan lokatai huɗu su ne daidai waɗanda waya ta ƙwace.

Ga shawarar da na ke ba kowane gida. Da safe kada a buɗe ƙofa sai an gaida Allah. Littafi da addu'a tukuna, saƙonni daga baya. Lokacin cin abinci a tara wayoyi cikin kwarya ɗaya, ta maigida ce ta fari. Da dare a sa lokacin rufewa, wayoyin yara su kwana a ɗakin iyaye. Ranar Lahadi cikin sujada, in a waya ka ke karanta Littafi, ka kashe data, domin kada 'yan kasuwa su shigo tare da kai. Tsakanin miji da mata kuma kada a sami lambar sirri wadda ɗaya bai sani ba. Waɗanda Allah ya mai da su jiki ɗaya, me ɗaya zai ɓoye wa ɗaya?

Na huɗu: kowa daidai gidansa

Nehemiya ya sa mazauna birni su yi tsaro, kowa daura da gidansa. Haka ma lokacin gini, da yawa sun gyara sashin da ke gaban ƙofarsu (sura 3). Ba gwamnati za ta tsare maka gida ba, ba kamfani ba, ba pasto ba. Kai maigida, ke uwargida, ku ne Sarkin Ƙofa.

Sarkin Ƙofa kuwa da kansa ya ke farawa. Uban da ke kallon waya har ƙarfe ɗaya na dare ba shi da bakin da zai ce wa ɗansa ya ajiye. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kada kuma a yi tsaron nan da faɗa da ƙwace kaɗai, gama yaron da aka ƙwace wa waya ba bayani, ta abokinsa zai ara. Ka zauna da shi, ka ce ya nuna maka abin da ya ke kallo, ku yi magana a kai. Ya san cewa in ya ga abin da ya tsorata shi, ko wani baƙo ya fara aiko masa da saƙon da bai dace ba, wurinka zai gudo, ba za ka fara da bulala ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ku matasa kuma, kun fi mu sanin na'urar nan. Ku taimaki iyayenku su gane saƙon 'yan damfara, cikin ladabi.

Wanda ba shi da iyali, ɗalibi a makaranta ko mai-aiki a baƙon gari, kada ya ce wannan ba tasa ba ce. Misalai 25:28 ta kwatanta mutumin da ba ya iya kame kansa da birnin da aka rushe ganuwarsa. Zuciyarka birni ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Baƙo mai-sallama

Akwai Baƙo ɗaya wanda ya bambanta da dukan masu-shigowa ta waya. Cikin Ru'ya ta Yohanna 3:20 mun ga Ubangiji Yesu a tsaye a bakin ƙofa, yana neman a buɗe masa domin ya shiga a ci abinci tare. Ku tuna, ga ekklesiya aka rubuta wannan, watau ga mutane irinmu. Shi ne Mai-gidan na ainihi, gama da jininsa ya saye shi, duk da haka sallama ya ke yi, yana jira. Kowane tarkace ya wuce har ƙuryar ɗaki ba izini, Mai-Ceto kuwa yana soro. Ko ƙarar saƙonni ta hana mu jin sallamarsa?

In ganuwar gidanka ta riga ta zube, kada ka fid da zuciya. Ta Urushalima ta yi shekara da shekaru a kwance, aka kuwa tashe ta. Wanda caca ta kama, ko kallon ƙazanta, kada ya ɓoye shi kaɗai. Ya nemi pasto ko wani dattijo amintacce, gama akwai gafara da 'yanci cikin Kristi. Mu kuma tuna da koyarwar Zabura 127, cewa tsaron mai-tsaro ba shi da amfani in ba Ubangiji ne ke riƙe da birnin ba. Ka buɗe masa yau, ka danƙa masa mabuɗin. Daren yau ma, ka tara iyalinka, ku karanta Nehemiya sura 7 aya 1 zuwa 4, ku shirya tare lokacin da ƙofarku za ta riƙa rufewa.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin gidajen da ka ba mu. Ka tsare idanunmu da yatsunmu. Kada ka bari hannunmu ya kai saƙon da zai sa wata uwa kuka, ko a cikin birni ko a wajensa. Ka ba iyaye hikima, ka ba 'ya'ya biyayya, ka ba Kano da ƙasarmu duka zaman lafiya. Muna roƙo cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.